Gugan da Na Zura a Tekun Farar Ƙwarya

Da sunan Wanda ya rataye taurari babu igiya, ya ɗaga sammai babu ginshiƙi, ya ɓoye ruwa inda ya ga dama, ya kuma ba kowane mutum baki, wani ya yi gyara da nasa, wani ya yi ɓarna yana jiran a gode masa. Bayan haka, ni ce Tasalla ta Birnin Ɗanƙaro, wadda ta je inda ƙafa ba ta taɓa takawa ba, ta dawo ɗauke da abin da ta bari a gida. Ku gyara zama. Wanda ya zo jin labarin nasara, ga ƙofa nan, maroƙan Madugu Korau suna can bakin kasuwa suna rera irin nasu. Ni gaskiya zan faɗa, kuma ku sani har yau ban huce ba.

Gwaggona Delu, yayar mahaifina, ita ta raine ni, ita ta koya mini karatun sama. Tana da madubin hangen nesa a kan soronta, ta ƙarar da ƙuruciyarta tana leƙen wata ƙatuwar duniya da muke kira Uwar Guguwa, wadda iska ce zalla, babu ƙasar da za a sa ƙafa. Watanni da yawa ne ke kewaya ta, a cikinsu akwai wani fari fat, ƙanƙara ta rufe shi ruf, shi ne Farar Ƙwarya. Gwaggo ce ta fara lura cewa gindin ƙwaryar nan yana feshi, wani siririn tururi yana fita ta tsagar ƙanƙara. Ta je zauren masana ta ce musu akwai teku a ƙarƙashi, mai gishiri, mai ɗumi daga can ƙasa, kuma duk inda ruwa ya yi ɗumi ya kamata a tambaya ko da mai rai a ciki. Suka yi mata dariya, suka ce yanar ido ce ta fara kama tsohuwa. Da aka ƙera madubin da ya fi nata, kowa ya ga feshin, amma a lokacin idanunta sun riga sun tafi.

Ranar da zan tashi ta laluba ta kama hannuna. Ta ce, "Tasalla, ba na son tsarabar zinariya. Amsa guda nake jira kafin a kira ni. Akwai ko babu?"

Don wannan tambaya aka ƙera guga. Na ƙarfe ne, tsawonsa kamu guda, yana da baki sama da ƙasa. In an zura shi, a buɗe yake sauka, ruwa yana ratsa shi, sai an fizgi igiya bakunan su rufe gam. Masana suka gasa shi a wuta har ya yi ja, suka sa shi a akwatin da iska ba ta shiga, suka ja mini kunne: numfashin mutum ma kada ya taɓa cikinsa. Domin jikinmu, musamman bakinmu, cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani. In guda ta faɗa ciki, ba a ƙara sanin wane ne ɗan gida, wane ne baƙo.

Kumbon da ya ɗauke mu, Shamuwa, na Madugu Korau ne, babban falke mai fatauci tsakanin duniyoyi. Kada in ɗauki alhakinsa, mutumin nan ba mugu ba ne, hannunsa a sake yake. Ciwonsa guda, tofi. A Ɗanƙaro al'ada ce, ba a zura sabon guga a sabuwar rijiya sai babban da ke wurin ya yi masa tofi, to shi Madugu ya faɗaɗa abin har ya kai ga ƙofa, da linzamin kumbo, da tukunyar shayi. Matuƙinmu kuwa Nomau ne, ɗan Gwaggo Delu na cikinta, taubashina, wanda tun muna yara bakinsa bai taɓa hutawa da tsokanata ba. Sai dai Nomau yana auren Lantana, 'yar Madugu. Da zarar surukin nasa ya shigo, wannan baki mai kaifi sai ya mutu murus, kai a sunkuye, ba ka jin komai sai "To, Baba."

Tun kafin mu bar gida Madugu ya zagaya akwatin nan yana shafa gemu.

"Malama, a buɗe in sa masa albarka."

Na durƙusa yadda ya kamata. "Ranka ya daɗe, ka yi masa addu'a daga nan, muna so. Amma ba a buɗe shi, yawu ba ya taɓa shi."

Fuskarsa ta canja. "Yawuna ne ƙazanta? Rijiyoyi nawa na buɗe a garin nan, wace ce ta ƙafe?"

Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Ya ce ya ji. Ni kuwa na ɗauka ya ji ɗin.

Muka tashi, muka bar rana a baya har ta koma kamar fitilar maƙwabta. Jarrabawa ta farko, Madugu ne ya nemo mana ita da hannunsa. Ya hango wani dutse yana yawo shi kaɗai a sarari, girmansa ya kai gari guda, ya ce sai an sauka ya kafa sandarsa, a raɗa wa dutsen sunansa. Na ce masa masana sun gano irin waɗannan ba duwatsu ba ne, tarin tsakuwa ce da ta jingina da juna, babu abin da ya riƙe ta. Ya dubi Nomau. Nomau ya dubi ƙasa, ya ce, "To, Baba." Haba! Muna taɓa shi sai Shamuwa ta nutse kamar hannu a buhun gero. Tsakuwa ta rufe tagogi, ta cushe bututun wuta, duhu ya rufe mu, muna ji muna ta zurmawa. Madugu ya shiga salati da ƙarfi. Ni kuwa na tuna tsakuwar nan ba ta da nauyin kirki, sai na ce wa Nomau ya saki tankin iskar da ke ƙarƙashinmu gaba ɗaya, a bugu guda. Ya saki. Tsakuwa ta watse ta ko'ina, muka faso waje muna juyi, rabin iskar shaƙarmu kuwa ya tafi a banza. Da numfashin Madugu ya dawo, kun san abin da ya ce? "Kun ga amfanin tofin da na yi wa ƙofa?"

Zango na gaba dole ce ta sa, domin mai ya yi ƙasa. Muka sauka a wata duniya da jan hazo ya lulluɓe, wadda fatake ke kira Tafkunan Mai. A can sanyi ya mai da ruwa dutse, har duwatsun bakin rafi ƙanƙara ce, abin da ke gudana kuwa mai ne. Mai ke sauka daga girgije, mai ke cika tafki, yana kwance baƙi wuluk babu ko motsi. Ni da Nomau muka sa rigunan iska da kwalkwalin gilashi, muka ja tiyo muka bi wani busasshen kwari zuwa tafkin. Mun cika ganguna muna shirin juyowa, sai na ji ƙasa tana rawa. Ashe an yi ruwan mai a kan tuddai, ga ambaliya nan ta biyo kwarin, tana mirgino duwatsu, gefen kwarin kuma ya fi ƙarfin hawa.

Nomau ya ce, "Tasalla, yau dai bakinki ya ja mana."

Na ce, "Rufe mini baki ka ciro murafun gangunan can!"

A duniyar nan jiki ba shi da nauyi, iska kuma kauri gare ta kamar kunu. Muka ɗaura murafun nan masu faɗi a hannuwa, muka yi tsalle muna fiffika, wallahi sai ga mu a sama. Ambaliya ta wuce ƙarƙashin ƙafafunmu tana ruri. Nomau yana haki yana dariya, ya ce bai taɓa ganin agwagwa mai tsiwa irina ba, na ce gara agwagwa da jemage. Allah ya taimaka gangunan suna ɗaure, da mai ya janye muka kwaso su. Muna shiga kumbo Madugu ya tarbe mu da murmushi, ya ce shi hankalinsa bai tashi ba ko kaɗan, ai da safe ya yi wa takalmanmu tofi.

Daga nan muka doshi Uwar Guguwa. Ba a yi mata gaba da gaba, sai dai a raɓa ta gefe, ta fizge ka, ta juya ka, ta wurga ka gaba kamar majajjawa. Nomau ya nuna shi ɗan Gwaggo ne a wurin nan, ya bi ta gefen gajimarenta har muna hangen walƙiyar da ta fi ƙasarmu faɗi, bai ko ƙyafta ba. In faɗi gaskiya, matuƙi irinsa sai an tona.

Sai ga Farar Ƙwarya. Jama'a, na ga abin mamaki a rayuwata, ban ga kamar wannan ba. Fili fari har iyakar gani, da dogayen tsagogi, feshi yana tashi daga cikinsu ya yi sama ya dawo yana zuba kamar gari. Tsagogin nan buɗewa suke su rufe, domin Uwar Guguwa tana matsa ƙwaryar tana saki duk kewaye. Ruwan feshin ba zai yi mana ba, sanyi da haske sun riga sun kashe duk abin da ke ciki, na ƙasa muke so. Muka kafa injin igiya a bakin wata tsaga, muka zura ƙarfe mai zafi yana narka hanya, muka yi ta jira har abinci ya fara ƙaranci. Ranar da ƙarfen ya huda ya taɓa ruwa, ranar ce tsagar ta fara rufewa, ta cije igiya.

Dole wani ya fita ya sare ƙanƙarar, kuma ni na san inda igiya ta bi. Na jawo Nomau gefe, na ɗora hannunsa a kan akwatin guga.

"Amanar Gwaggo ce. Ko wane ne, kada a buɗe."

Ya ce, "Je ki, uwar mita. Uwata ce fa, kin fi ni son ta ne?"

Na fita da gatari. Na rataya a bakin tsagar, ƙarƙashina baƙin rami, ina sara ina jin kukan ƙanƙara yana shigowa ta tafin ƙafata har haƙora. Feshi ya taso ya rufe mini gilashi, na goge, na ci gaba. Bango yana matsowa, har ya fara gogar kafaɗata, sannan igiya ta kuɓuta, na yi waje da rarrafe. Na kira Nomau ya kawo akwati. Ya kawo, ko tsokana guda babu, ni kuwa na ɗauka girman wurin ne ya kama shi.

Da hannuna na buɗe akwatin a wannan fili da babu iska, na ɗaura guga, na ce bismilla, na zura. Ya yi ta tafiya, ya wuce ƙanƙara, ya shiga teku, ya yi ƙasa har inda ma'auni ya nuna ɗumi. Na fizgi igiya, na ji bakunan sun rufe. Muka jawo shi yana ƙyalli, ramin ya daskare a bayansa. Na yi kuka a cikin kwalkwali, babu halin share hawaye, suka yi ta gangarowa har wuya.

Ba zan gajiyar da ku da labarin dawowa ba. Akwatin nan a gefena yake kwana. Nomau ya rame, ya daina cin abinci sosai, na yi ta zolayarsa cewa kewar Lantana ce.

Da muka iso Ɗanƙaro, kai tsaye zauren masana muka nufa. Malam Cindo, shugaban zauren, wanda yana cikin masu yi wa Gwaggo dariya a da, shi ya ɗebi ɗigo guda a ɗaki mai tsabta, ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ya leƙa, ya daɗe, sannan ya ɗago, ya ce, "Malama Tasalla, zo ki gani." Na leƙa. Ga su nan, jama'a, ƙanana, wasu zagaye a jere kamar carbi, wasu dogaye, suna motsi, suna rabuwa biyu. Zaure ya ɗauki kabbara. Na zabura zan ruga wurin Gwaggo, wadda ciwo ya kwantar, Malam Cindo ya ce in dakata ya gwada su da halittun da aka sani, kada a yi gaggawa. Amma wa zai tsayar da Madugu? Kafin azahar an kayar da shanu, makaɗa sun cika ƙofar zauren.

Da la'asar ya miƙe a gaban taro, babbar riga tana jan ƙasa. Ya ba da labarin dutsen tsakuwa, ya ba da na ambaliya, kowanne tofinsa ne ya fitar da mu. Ina zaune ina cizon leɓe, na ce a raina bar shi, yau ranar farin ciki ce. Sai ya ɗaga murya.

"Shi kansa gugan, da na biye wa 'yan boko, da haka nan za a zura shi babu albarka, kamar ba 'ya'yan Ɗanƙaro ba. Amma da Malama ta fita saran ƙanƙara, na ce wa yaron nan Nomau ya buɗe. Na yi masa tofi a ciki, na ƙara, na kuma ƙarawa. Ga shi kun gani da idonku!"

Maroƙa suka ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa. Ban san lokacin da na tsallake tabarmi na tsaya a gabansa ba, babu durƙuso babu komai.

"Me ka ce ka yi?"

"Tofi, 'yar nan. Ba sai kin gode ba."

"Inna lillahi! Ban roƙe ka ba? Ban durƙusa maka ba? Addu'ar da ake yi a zuci ba ta isa sama ne, sai an haɗa da yawu? Mutum da furfurarsa, a ce masa kul, ya jira mace ta rataya a bakin rami ya lallaɓa kamar ɗan yaye! Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki!"

Kiɗa ya tsaya cak. Dattawa suna ta "A'a, Tasalla, babba ne," na ce babban ya fara jin kunyar girmansa. Sai Malam Cindo ya matso ya miƙa hannu, ya ce, "Madugu, ara mini asuwakinka." Ya karɓa, ya shiga ciki, muka bi shi. Ya kankari bakin asuwakin, ya sa a ƙarƙashin madubi kusa da ɗigon teku, ya leƙa wannan, ya leƙa wancan, ya ja da baya ya zauna.

Ya ce, "Ba kama suka yi ba. Su ne."

Na ce, "To, a cikinsu babu wasu dabam? Ko guda?"

"In ma an ɗebo 'yan gida, baƙi sun cinye su tun a hanya. Ruwan gishiri mai ɗumi, me ya fi shi kama da cikin baki? Ai gida suka samu." Ya dube ni, muryarsa ta yi ƙasa. "Malama, gugan nan fa a buɗe ya sauka."

Sai a lokacin na gane iyakar ɓarnar. Da ruwan guga kaɗai aka ɓata, da sai in sake ɗaura ɗamara in koma. Amma teku ya ratsa gugan tun daga sama har ƙasa, ya wanke abin da ke ciki ya tafi da shi. Tekun da yake rufe tun ranar da aka halicce shi, mu muka buɗe, muka zuba masa abin bakin Madugu, muka bar shi ya daskare a kai. Abin da ya hayayyafa a ɗan guga, me zai hana shi a teku? Duk wanda ya sake zuwa, komai tsabtar gugansa, ba zai san ko 'yan gida ya ɗebo ko jikokin baƙi ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Na sami Nomau a bayan zaure, ya haɗa kai da gwiwa.

Ya ce, "Surukina ne, Tasalla. Ya tsaya a kaina ya ce buɗe. Da wane baki zan ce masa a'a?"

"Da bakin da kake zagina da shi tun muna wasan ƙasa! Ka raɓa Uwar Guguwa ba ka ƙyafta ba, ka kasa ɗaga ido ka dubi tsoho guda? Kunyar uban matarka ta fi maka idanun uwarka da suka ƙare a kan abin nan?"

Kuka kawai yake. Na so in ji tausayinsa, tausayin ya ƙi zuwa.

Shi kuwa Madugu, har gobe bai yarda ya yi laifi ba. Cewa yake hassada ce ta masana, an ga albarka ƙiri-ƙiri ana neman a ɓata. Maroƙansa suna kiran halittun nan jikokin Korau, kuma tunda nake ban taɓa jin maroƙi ya faɗi gaskiya tsantsa irin wannan ba.

Kafin magariba na isa gidan Gwaggo. Tana kwance a kan gadonta, ta sa an jingina ta da bango, ta yafa mayafinta na sallah, domin ta ji kiɗa tun rana. Nomau ya biyo ni, amma ya kasa wuce bakin ƙofa. Ta ji takuna, ta miƙo hannu tana lalube, fuskarta duk murmushi.

"Tasalla? Na ji ganguna. Faɗa mini da bakinki. Akwai ko babu?"

Na durƙusa na riƙe hannun nan da ya koya mini nuna taurari. Na nemi ƙarya mai daɗi, na rasa.

"Gwaggo, ko da akwai kafin mu je, ban sani ba, kuma babu wanda zai ƙara sani. Amma yanzu kam akwai."

Murmushin ya tafi a hankali. Mace ce mai kaifin hankali, ba ta buƙaci dogon bayani ba. Ta ce, "Korau ya yi tofi." Na ce e. Ta juya fuskarta wajen ƙofa, inda take jin numfashin ɗanta, ta daɗe a haka.

"Wa ya buɗe masa?"

Babu wanda ya amsa. Ta gyaɗa kai, ta zare mayafin sallar ta ninke shi a cinyarta, ta ce in an samu hali a sauko da madubin nan daga soro, raɓa tana ɓata shi. Ba ta ƙara tambayar kowa labarin sama ba har Allah ya karɓi abinsa.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, ban ƙara gishiri ba, ban rage ɗaci ba. Wanda ya ɗaga kai ya hango Farar Ƙwarya tana ƙyalli kusa da uwarta, ya yi mata sallama da kyau, akwai 'yan garinmu a ciki.